Kirinjijiya a Cikin Koma

Wata rana da la'asar na bi Baba kai shanu shan ruwa a dam ɗin Garo. A ciyawar bakin ruwa muka tarar da kirinjijiya, agwagwar nan mai farar fuska, ta sarƙe a yagaggiyar komar da masunta suka yar. Wata tana ta kewaya samanmu tana kuka, na ce a raina mijinta ne.

Baba ya zaro wuƙa. Na riƙe masa riga.

"Baba, don Allah kar ka yanka ta."

"Sake ni, uwar tausayi, zaren zan yanke."

Ya tsittsinke shi, ya ajiye ta a ƙasa. Ta yunƙura ta faɗi, ashe zaren ya ci fiffiken har ƙashi.

"Komar da can ta auduga ce, ruwa ke cinye ta," in ji shi. "Wannan ta roba ba ta ruɓewa."

Sai ya juya ta gabas, ya yi bismilla. Aka ci ta da tuwo, har ni na ci. Yanzu ko na je gida, ba na bi ta bakin dam.