Wanda Bai Yi Kuka Ba

Ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta ninke sakamakon jarrabawar tagwayenta, ta buɗe, ta sake ninkewa. Babba ya zo na ɗaya, Ƙarami na ƙarshe.

"Inna, cire Ƙarami zan yi daga makaranta. Yaron da ya yi minti biyar bai yi kuka ba da aka haife shi? Likita ma ya ce ƙwaƙwalwarsa tana iya taɓuwa. Shi ya sa ban taɓa matsa masa da karatu ba."

Mahaifiyarta ta ajiye tsintsiya, ta sunkuyar da kai.

"'Yar nan, ranar wankansu na farko tare na tuɓe su, suka rikice mini. Har yau ban san wanne ne wanne ba."