Sanarwar Mako Biyu

Tun da safe gandurobobi suka kwashe mu, masu tari da masu ƙazwa, suka zuba a ɗakin gawayi bayan kicin. Yau kwamitin duba gidajen yari zai zo. Ta hujin ƙofa na hango sabon fenti, ana raba bargunan da za a karɓe kafin la'asar.

Tela, wanda ƙafarsa ta yi wata uku tana ruɓewa, ya ce, "Baba, in na yi ihu za su ji?"

"Ina! Daga ofis sai ɗaki na ɗaya, sai cin abinci, sai sa hannu."

Duk da haka ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe. Muka ji tafi, muka ji tashin motoci.

Ya share hawaye. "Me zai hana su yi zuwan ba-zata?"

"Ƙa'ida ce. Sai kwamitin ya ba da sanarwar mako biyu kafin ya zo, wai don mutunta ma'aikata."

"Wane marar tsoron Allah ne ya rubuta wannan?"

Na dubi ƙafarsa da ƙudaje suka yanyame.

"Ni ne, ɗana. Shekara tara ina shugabancin kwamitin."