Tayar Gaba Mai Cin Gefe Ɗaya

Tunda ka ce duk wanda ka ɗauka aiki a shagonka sai ya lalace, zauna ka ji misalin wani direba.

Mutumin nan yana da doguwar bas wadda ya cire wa kujerun baya, yana jigilar kayan gwari daga kasuwannin ƙauye zuwa birni. Shekaru sun ja, bayansa ya gaji da kujera, ba abin da yake so irin ya sauke kaya ya koma gida ya miƙe ƙafa. Sai tayar gaba ta ɓangarensa ta fara ci ta gefen ciki. Ta waje zanenta raɗau kamar jiya aka sayo ta, ta ciki kuwa ta suɗe har waya na leƙowa. Ya cire ta ya sa sabuwa, kafin kakar albasa ta wuce ita ma ta bi sahun 'yar'uwarta. Ya koma wurin mai sayar masa da taya, mutumin da suka daɗe suna cin tuwo a kwano ɗaya, ya wurga masa ita a ƙofar shago, ya ce masa a gaban jama'a ya ji tsoron Allah ya daina sayar wa mutane ruɓaɓɓen kaya. Mai taya ya ɗauke ta ya jingine a bango. Daga ranar ko gaisuwa ta yanke. Direba ya canza shago, ya sake canza wani, ya ɗauko tayar baya ya kawo gaba, amma duk wadda ta hau wannan ƙafa ta ciki take ci. Ga sitiyari kullum yana jan sa gefe, yana ta kokawa da shi har kafaɗarsa ta riƙe. Matarsa na gasa masa da ruwan zafi, shi kuma yana cewa tsufa ne.

Ran nan da tsakar rana, ya yi lodin tumatir, tayar ta fashe. Da ƙyar ya tsayar da motar a bakin kwalbati. Kafin ya gama sa tayar safaya rana ta dafa rabin kayan, ruwansu na ɗiga ta ƙasan ƙofa. Ya lallaɓa zuwa garejin da ya fara gani. Bakanike ya shafa fasasshiyar tayar da tafin hannu, ya ce da iska ce ta yi mata kaɗan da gefe biyu za ta ci, da yawa ta yi da tsakiya ce za ta suɗe. Ya ɗaga motar da jak, ya kama ƙafar da hannu biyu ya girgiza, sai ga ta tana lilo tana ƙwas-ƙwas. Ƙarfen da ya haɗa ta da sitiyari ya lanƙwashe, mahaɗinsa ya cinye. Ya ce, "Baba, ka taɓa faɗawa rami da kaya?" Direba ya tuna wani rami da ruwan damina ya rufe, wanda ya daka har haƙoransa suka haɗu, ya wuce bai ko sauka ya duba ba. Ya nemi benci ya zauna. Aka canza ƙarfen, aka daidaita ƙafar. A hanyar gida ya sassauta hannu, mota ta miƙe sambal. Da ya iso shagon tsohon abokinsa ya tsaya, ya daɗe a cikin mota kafin ya sauka ya yi sallama. Mai taya ya amsa sallamar, ya ɗan matsa masa wuri a kan tabarma.

Shi ya sa Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza.