Telan da ya ɗinka wa injin ƙanƙara riga

Zauna, Hashimu. Wannan ƙorafi naka a kan ɗanka na ji shi har kunnena ya gaji, kuma ni yanzu ba ni da ƙarfin doguwar magana. Misali ɗaya zan ba ka.

An yi wani tela da mahaifiyarsa ta tsufa ƙwarai, amma ta ƙi barin azumi. A shekarar kuwa azumi ya faɗo tsakiyar bazara, lokacin da ruwan randa kansa kan yi ɗumi kafin la'asar. Tsohuwar ba ta neman nama, ba ta neman kunu mai madara. Abin da take so kawai, idan an kira magariba, ta sami ruwa mai sanyi a moɗarta. Sai telan ya daure ya sayo injin ƙanƙara, irin wanda ake tsayarwa a ɗaki, a zuba masa ruwa ya riƙa zubo ƙanƙara dunƙule-dunƙule. Da ya ga yadda fentinsa ke ƙyalli, sai tsoro ya kama shi: kada ƙura ta hau shi, kada yara su karce shi. To sai sana'ar hannunsa ta motsa. Ya auna injin kamar yadda yake auna ango, ya sami yadi mai kauri, ya ɗinka masa riga cif-cif har ƙasa, ya yi mata shafi a ciki da aiki a wuya, ya bar murfin sama kaɗai a buɗe. Sannan ya tura shi lungu, ya manna shi da bango. Duk wanda ya shigo sai ya yaba ɗinkin.

Kwanakin farko ƙanƙara ta zubo, tsohuwa ta sha ta sa albarka. Daga nan ta fara fitowa siririya kamar farce, sannan ta koma ruwa tsululu, injin kuwa sai gurnani yake, jikinsa zafi rau. Telan ya cire soket ya mayar, ya canza ruwa, ya ɗan bubbuga gefensa, duk a banza. Ya ce sai an kai wa mai gyara. Amma da yake shagon masu gyara ba ya rabuwa da baƙin mai, sai ya tuɓe rigar, ya ninke ta ya ajiye a gida, ya ɗora injin a keke mai ƙafa uku tsirara. Mai gyara ya jona shi a bakin shago inda iska ke kaɗawa, suna zaune suna kallo ƙanƙara ta zubo garau. Ya duba fanka, ya duba gas, ya ce, "Malam, injinka lafiya lau yake." Telan ya koma gida da murna, ya goge shi, ya mayar masa da rigarsa, ya tura shi lungunsa. Kafin magariba ƙanƙarar ta sake zama ruwa.

Haka aka yi ta yi, a kai a dawo, a tuɓe a sa. Mai keke ya gaji da ɗauka, mai gyara ya gaji da gani, telan ya bar ɗinkin sallar mutane jibge a kan keken ɗinkinsa yana zarya cikin rana da ƙishirwa. Ya zargi wuta, ya zargi ruwan rijiya, ya zargi bakin maƙwabta, a ƙarshe ya ce mai gyaran ne ke yi masa wasa da hankali. Tsohuwa kuwa ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ta karɓi ruwan ɗumi ta yi bismilla ta sha, ta ce an gode Allah. Wannan haƙurin nata shi ya fi ci masa rai, don yana gani da idonsa yadda leɓenta ke tsagewa.

Ana cikin goman ƙarshe, wata rana da azahar, injin ya yi ƙara ɗaya ya yi tsit, warin ƙonewa ya cika ɗakin. A ranar telan bai iya ɗaukarsa ba, sai ya je ya jawo mai gyaran har gida don ya ga aikinsa da idonsa. Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon rigar nan. Ya ɗaga gefenta, ya nuna masa ragar da injin ke fitar da zafi ta cikinta, ga shafi ya toshe ta, ga bango ya danne. Ya ce, "Ai ta nan yake numfashi." Abin da ke haɗa sanyin ya riga ya ƙone, babu sauran gyara. Fentin kuwa, ko ƙwarzane ɗaya babu, yana ƙyalli kamar ranar da aka sayo shi. Da aka kira magariba, tsohuwa ta miƙo moɗarta, aka cika mata daga randa.

To kai ma ka ce idan ɗanka ya je shagon yayanka ya kama aiki, sai yabo kake ji, amma da ya dawo naka sai ya zama kamar an zare masa laka. Kai da bakinka ka gaya mini ba ka barinsa ya yi ciniki shi kaɗai, ba ka barinsa ya riƙe makulli, don kada ya yi kuskure a yi maka dariya a kasuwa. Na san so ne, ban ce ƙi ba ne. Amma kafin ka sake kai ƙararsa wurin kowa, je ka ɗaga gefen rigar da ka ɗinka masa ka duba, tun yana gurnani, kafin ya yi tsit. Hausawa dai sun ce, garin neman gira akan rasa ido.