Bututu Mai Ido

Yanzu na'ura ce ke liƙe ɓular da ke tsakanin mafitsara da hanji. Siririn bututu mai ido take zurawa, ba yanka. Amma doka ta hana taɓa wanda ya haura shekara saba'in.

Iya Lantana ta ɗora tafinta a allon ƙofar asibiti.

"Saba'in da huɗu," in ji na'urar. "A sauka lafiya, Iya."

"Ƙanina ne ya ƙara min goma don in sami kujerar Makka."

"Rajista ba ta kuskure."

Shekara uku ke nan alwala ba ta zama mata saboda ɓular. Ta shimfiɗa mayafinta a bakin ƙofar, ta tare layi.

"Bututun naki ba ido gare shi ba? Ya shiga ya ƙirga shekarun da kansa."