Suna Mai Kauri

"Me ya sa sunansa kaɗai ya yi kauri?" na tambayi matata, na juyo mata da fuskar kwamfutata.

Wurin aikinmu ɗaya. Ni ina sashen ajiyar takardu, ita ce ta rubuta manhajar da dukanmu muke aiki da ita. Sunaye arba'in ne a jerin ma'aikata, duk sirara kamar sun tashi daga jinya. Na sabon injiniyan nan mai yawan turare ne kawai ya yi ɓul-ɓul, baƙi wuluk, har da layi a ƙasa. Nawa kuwa, bayan shekara goma sha shida da aure, sai da tabarau ake ganinsa.

"Maigida, rage murya," in ji ta.

"Ba zan rage ba. Digirina biyu, na san abin da ake nufi idan mace ta ja wa suna layi."

Kowa ya ji, har manaja ya fito ya tsaya a bayana.

Ta dube ni da tausayi. "Manhajar ba ta san kowa ba. Sunan wanda aka shiga da lambar sirrinsa take kaurarawa, don mutum ya ga kansa da sauri. A kwamfutata nawa ne mai kauri."

Manaja ya sunkuyo ya karanta.

"Sati biyu muna neman mai leƙa saƙonnin injiniya," ya ce. "Malam, ɗan matsa in zauna."