Zaure Biyu, Tafki Ɗaya

Tukur, ka ce gobe za ku sake zama da 'yan ɗaya majalisar, kuma ka rantse ko wasali ba za ku bar musu ba. To, gyara zama. Ni na gaji da ba mutane shawara, labari kawai zan ba ka.

An yi wani babban tafki da ƙauyukan masunta biyu ke ci a cikinsa, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Kowane ƙauye da zauren dattawansa, kuma tun kaka da kakanni ba a kafa doka a kan ruwan nan sai zaurukan biyu sun amince. Da kifi ya fara ja baya, kowa ya ga dalili: raga mai ƙananan idanu tana kwashe har 'ya'yan kifi, ga shi ana su a lokacin da kifi ke ƙwai. Gabas ta ce a hana, yamma ma ta ce a hana. Kowane zaure ya tura dattijo guda, suka haɗu a kan wani tudun yashi a tsakiyar ruwa, suka raba goro, suka gama magana cikin daɗin rai: a rufe tafki in damina ta faɗi, a ƙone ƙananan raga, kowane ɓangare ya ba da masu gadi. Dattijon gabas ya koma gida da murnarsa. Da ya gama bayani sai wani ya ce, "Baba, ko gardama ba su yi ba? To akwai abin da suka binne." Nan take suka ƙara sharaɗi, wai tunda kwale-kwalensu sun fi yawa, shugaban masu gadi daga gabas zai fito. Da maganar ta haye ruwa, mutanen yamma suka ce kakanninsu ne suka fara jefa taru a tafkin nan, ba za su zama 'yan amshin shata ba, sai dai a bar musu hukunta mai laifi. Gabas ta ce ai wanda ke hukunci shi ne mai ruwa. Haka tsofaffin nan biyu suka yi ta kai da komo, kowa ɗauke da maganar da shi kansa bai yarda da ita ba. Har goron suka daina rabawa, don kada a ce an saye su.

Ana cikin haka wasu baƙi suka zo da jiragen inji da raga mai kama da gidan sauro. Mutanen gabas suka tare su, baƙin suka ce, "Wace doka muka karya?" Suka ci gaba da kwasar kifi. Gabas ta zargi yamma da gayyato su, yamma ta zargi gabas, sai kowa ya ce gara ya kwashi nasa kafin na ƙetare ya kwashe. Waɗanda suka fi kowa kukan a hana ƙananan raga, su suka fara saye. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta. Murhun banda ya yi sanyi, mata suka koma sayen kifin gwangwani a bakin tafki, magidanta suka watse birni neman dako. Baƙin ma da suka ga raga na fitowa da ciyawa, suka tattara suka yi gaba. Sai a sannan zaurukan suka daidaita. Doka ta fito tsaf, an auna kowace kalma, ba wanda ya fi wani ko da ƙwayar gero. Dattijon yamma bai gan ta ba, ya riga mu gidan gaskiya. Na gabas kuwa yana kwance, ƙafafu sun kumbura, aka zo aka yi masa albishir. Ya ce, "Madalla. Sai a je a karanta wa kwaɗi."

Ka je zamanku, Tukur, ka kare haƙƙin majalisarku, ban hana ka ba. Amma kafin ka buɗe baki, ka leƙa waje ka ga wa ke jiran ku daɗe a ciki. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.